Borin jini a ɗakin tiyata: Abin da ƙidaya ta tona

A watan Maris na shekarar 2023, hukumar kula da ingancin magunguna ta Birtaniya ta ba da umarnin a kwashe wasu magungunan tari da mura daga kantunan sayar da magani a duk faɗin ƙasar. Watanni uku kafin nan, a Disamban 2022, kwamitin kula da lafiyar magunguna na Tarayyar Turai ya ba da irin wannan shawara, yayin da Ostireliya ta soke rajistar magunguna 55 a ƙarshen watan Fabrairun 2023.

Dukkan magungunan na ɗauke da wani sinadari mai suna folkodin, wanda ake rubutawa pholcodine a jikin kwalba. An shafe fiye da shekara 50 ana shan sa domin busasshen tari, kuma ba a san shi da wata illa ta a-zo-a-gani ba ga mai shan sa. Matsalar tana ɓulla ne daga baya, watanni bayan tarin ya warke an manta da kwalbar, a ranar da aka kwantar da mutum za a yi masa tiyata.

Yadda aka gano wannan alaƙa, da kuma tsawon lokacin da hukumomi suka ɗauka kafin su amince da ita, ya ƙunshi darasi ga ƙasashen da har yanzu ba sa ƙidaya irin wannan mutuwa.

Yadda jiki ke yi wa magani bore

Hausawa sun san borin jini, wato kumburi da ƙaiƙayin da ke feso wa mutum idan ya ci wani abinci ko ya sha wani maganin da bai karɓe shi ba. Mafi tsananin nau'insa shi ne wanda likitoci ke kira anafilaksis. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar magani a matsayin abokin gaba, sai wasu ƙwayoyin halitta su kwararo sinadarai irin su histamin cikin jini a lokaci guda. Jijiyoyin jini su saki, ruwan da ke cikinsu ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama, ƙarfin bugun jini ya faɗi, hanyoyin iska na huhu su tsuke, wani lokaci kuma maƙogwaro ya kumbura ya toshe.

Wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su ne suka raɗa wa lamarin suna a 1902. Sun yi ƙoƙarin sama wa karnuka rigakafin dafin wata halittar teku ne ta hanyar ba su shi kaɗan-kaɗan, sai suka ga akasin abin da suke nema: karen da ya jure allurar farko ya mutu cikin mintuna bayan ta biyu, duk da cewa ba ta da yawa. Richet ya samu kyautar Nobel a 1913 saboda wannan aiki.

Abin da ya bambanta borin magani da na abinci shi ne sauri. Wani likita a Manchester, Richard Pumphrey, ya bi diddigin mutanen da anafilaksis ya kashe a Birtaniya, ya wallafa sakamakon a shekarar 2000. Ya gano cewa a tsakaici, wanda abinci ya tayar wa bore kan kai minti 30 kafin numfashinsa ko zuciyarsa ta tsaya. Wanda zuma ko rina ta harba, minti 15. Wanda aka yi wa allura a hannun ma'aikatan lafiya kuwa, minti 5 kacal.

A ɗakin tiyata lamarin ya fi rikitarwa. Maras lafiya yana barci, ba zai iya cewa yana jin ƙaiƙayi ko jiri ba. An lulluɓe jikinsa da ƙyalle, don haka ko fata ta yi ja ba lalle a gani ba. Cikin 'yan mintuna an ɗura masa magunguna biyar ko shida ta jijiya, kuma da yawa daga cikinsu dama suna saukar da bugun jini ko babu wani bore. Likitan sa barci ne zai tantance, cikin daƙiƙoƙi, ko abin da yake gani a na'ura tasirin magani ne da aka saba da shi, ko zubar jini ne, ko ciwon zuciya, ko kuwa anafilaksis.

Maƙwabta biyu, alƙaluma daban

Daga cikin magungunan da ake bai wa wanda za a yi wa tiyata akwai masu sakin tsoka. Su ne ke sa jiki ya saki gaba ɗaya domin a iya zura bututun numfashi a maƙogwaro, likitan fiɗa kuma ya samu damar aiki a cikin ciki ko ƙirji. An daɗe da sanin cewa suna cikin manyan masu haddasa anafilaksis. A Faransa, inda wata ƙungiyar likitoci ke tattara rahotanni tun shekarun 1980, su ne ke da alhakin fiye da rabin borin da ake samu a lokacin tiyata.

To amma akwai wani abu da ya ɗaure wa masana kai. A ƙa'ida, sai jiki ya taɓa haɗuwa da abu sannan yake shirya masa yaƙi. Sai ga shi da yawa daga cikin waɗanda suka yi wa waɗannan magunguna bore ba a taɓa yi masu tiyata ba a rayuwarsu. A 1983 wasu masana biyu a Ostireliya, Brian Baldo da Malcolm Fisher, suka nuna cewa garkuwar jiki na kai hari ne kan wani ɗan ɓangare na ginin sinadarin maganin, ɓangaren da ake samun irinsa a abubuwa da dama na yau da kullum. Ke nan wani abu ne daban yake fara tunzura jiki. Tambayar ita ce, mene ne?

Amsar ta fito ne daga ƙasashe biyu maƙwabta. Norwe da Suwidin sun yi kama a jinsin jama'a, da abinci, da tsarin asibiti, da magungunan da ake amfani da su a tiyata. Amma rahotannin anafilaksis daga magungunan sakin tsoka a Norwe sun ninka na Suwidin aƙalla sau shida. Da farko an zargi wani sabon magani mai suna rokuroniyom, har hukumomin Norwe suka taƙaita amfani da shi. Sai dai ana amfani da shi a Suwidin ma, ba tare da irin wannan matsala ba.

Erik Florvaag na asibitin jami'a da ke Bergen, da S.G.O. Johansson na cibiyar Karolinska da ke Stockholm, suka haɗa gwiwa. Shi Johansson yana cikin waɗanda suka gano sinadarin garkuwa na IgE, wanda ke tayar da borin jini, a shekarun 1960. Sun gwada jinin mutanen biranen biyu, suka tarar da cewa wani kaso na mutanen Bergen na ɗauke da IgE mai kai hari ga wancan ɓangaren sinadari, alhali babu irinsa a jinin mutanen Stockholm. Daga nan suka bi kayan amfanin gida ɗaya bayan ɗaya, sabulai da man shafawa da man wanke gashi da sauransu, ba su ga wani bambanci tsakanin ƙasashen biyu ba, sai a abu guda. A Norwe akwai wani maganin tari mai suna Tuxi, wanda ake saye ba tare da takardar likita ba, kuma kusan kowane gida ya san shi. Yana ɗauke da folkodin. A Suwidin kuwa an daina sayar da folkodin tun ƙarshen shekarun 1980.

Da aka bai wa wasu masu ɗauke da wannan IgE maganin tarin na 'yan kwanaki, sai yawansa a jininsu ya yi tashin gwauron zabo. A watan Maris na 2007 aka janye Tuxi daga kasuwar Norwe. Cikin 'yan shekaru, yawan masu ɗauke da sinadarin garkuwar ya ragu, rahotannin anafilaksis a ɗakunan tiyata ma suka ragu.

Shekara 15 ana ja-in-ja

Mai karatu zai zaci daga nan magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

A 2011 Faransa ta nemi hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba batun. Hukumar ta yanke cewa hujjojin ba su yi ƙarfin da za a haramta maganin ba, tana mai cewa raguwar rahotanni a Norwe na iya kasancewa saboda wasu dalilai, kamar sauyin yadda likitoci ke aiki. Ta buƙaci a yi sabon bincike. Faransa dai ta mayar da folkodin maganin da ba a sayarwa sai da takardar likita. A Birtaniya da Ostireliya kuwa aka ci gaba da sayar da shi a kan kanta, duk da kiraye-kirayen da likitocin sa barci na Ostireliya suka yi ta yi.

Binciken da aka buƙata, wanda aka sa wa suna ALPHO, an gudanar da shi a asibitocin Faransa daga 2014 zuwa 2020. An kwatanta mutum 167 da suka yi bore da wasu 334 da aka yi wa tiyata da irin magungunan ba tare da matsala ba. Kashi 47 cikin ɗari na rukunin farko sun sha folkodin a cikin shekara guda kafin tiyatar, idan aka kwatanta da kashi 20 cikin ɗari na rukuni na biyu. Da aka yi lissafi, shan maganin ya ninka haɗarin kimanin sau huɗu. Binciken ya kuma nuna ƙarin haɗari ga waɗanda sana'arsu ke haɗa su da wasu sinadaran wanki da na gyaran gashi, abin da ya dace da hasashen Baldo da Fisher na shekaru 40 da suka gabata.

Akwai masu kare hukumomin da cewa ba a hukunta magani bisa zato, kuma haɗarin ƙarami ne ga kowane mutum guda. Wannan gaskiya ne. Amma ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi shi ne amfanin magani a kan illarsa, kuma a nan abin da ke gefe guda na sikeli shi ne sauƙin tarin da zai warke da kansa cikin mako biyu, ga kuma wasu magungunan da za su iya maye gurbinsa. A ɗaya gefen kuma akwai rai. Hukumar Ostireliya ta ce lokacin da ta ɗauki mataki tana da rahotanni 50 da ake zargin folkodin da hannu a ciki, har da mutuwar mutum guda. Da wuya a ce jiran shekara 15 ya dace.

Folkodin ɗan uwan kodin ne a tsarin sinadari, amma bai kamata a haɗa wannan batu da haramcin da gwamnatin Nijeriya ta sanya wa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 ba. Wancan saboda shaye-shaye ne.

Abin da Birtaniya ta gani da ta ƙidaya

A watan Mayun 2018, ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta fitar da rahoton wani gagarumin bincike da aka fi sani da NAP6. Tsawon shekara guda, daga Nuwamban 2015, an buƙaci dukkan asibitocin gwamnati su kawo rahoton duk wani anafilaksis mai barazana ga rai da ya auku a lokacin tiyata, tare da alkawarin ba za a bayyana sunan likita ko na asibiti ba.

An tantance rahotanni 266. Wannan na nufin kimanin sau ɗaya a kowace tiyata 10,000. Zuciyar mutum 40 ta tsaya, mutum 10 suka rasu. Yawancin waɗanda suka rasu tsofaffi ne, ko masu ƙiba, ko masu ciwon zuciya, ko masu shan wasu nau'o'in maganin hawan jini. A kusan rabin mutanen, alamar farko ita ce faɗuwar bugun jini, ba ƙuraje ba, kuma a kashi biyu cikin uku lamarin ya fara ne cikin minti biyar da yin allura.

Abin da ya ba likitocin mamaki shi ne wanda ya zo na ɗaya. Sun daɗe suna tsoron magungunan sakin tsoka, sai ga shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibiyotik da ake bayarwa kafin a fara fiɗa domin hana rauni ruɓewa, su ne ke da kashi 47 cikin ɗari. Masu sakin tsoka na da kashi 33. Na uku shi ne kulohekzidin, maganin wanke fata da ke cikin Savlon da wasu ruwan kurkure baki, da kashi 9. Sau da yawa ba a ma tunawa da shi a matsayin magani, domin shafa shi ake yi, ko kuma ya zo a jikin robar da ake zurawa a jijiya. Robar safar hannu, wadda ta tayar da hankali a shekarun 1990, ba a samu ko mutum guda da ta yi wa illa ba, saboda asibitoci sun riga sun sauya kayan aiki.

Cikin antibiyotik ɗin, biyu ne suka kwashe kusan kashi 90 cikin ɗari. Ɗaya shi ne wanda aka fi sani da Augmentin, daga dangin penisilin. Ɗayan kuma teikoplanin, kuma labarinsa ne ya fi jan hankali. Ana yawan bai wa mutum teikoplanin ne idan ya ce penisilin ba ya karɓarsa. To amma binciken ya nuna cewa teikoplanin na haddasa anafilaksis sau 16 a kowace allura 100,000, wato kusan ninki biyu na Augmentin. A taƙaice, an guje wa magani saboda tsoro, an faɗa kan wanda ya fi shi haɗari.

Abin da ya sa wannan ya zama abin takaici shi ne, bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma kan ce penisilin ba ya karɓarsa, amma idan aka gwada su, tara cikin goma ba su da wata matsala da shi. Wani ƙuraje ne suka feso masa yana yaro saboda zazzaɓin da ake yi wa magani, aka ɗora wa maganin laifi. Wani gudawa ya yi. Wani kuma mahaifiyarsa ce ta faɗa masa, shi bai ma tuna ba.

Wannan ruɗani sananne ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya girma a zamanin kulorokwin ya san ƙaiƙayin da yake sa mutane da dama, har su kwana suna susa. Wannan ƙaiƙayi ba borin garkuwar jiki ba ne, kuma ba ya kai ga toshewar numfashi. Amma da shi, da amai, da jiri, da kumburin fuska da shaƙewa, duk jimla ɗaya ake faɗa wa likita: maganin bai karɓe ni ba. Likitan da bai tsaya ya tambayi abin da ya faru daki-daki ba zai iya yin kuskure ta kowane ɓangare, ko ya hana mutum maganin da ya fi dacewa da shi, ko ya yi watsi da gargaɗin gaske.

Rahoton na NAP6 ya kuma rushe wata al'ada da ta zama ruwan dare a asibitoci, wato a fara tura ɗan kaɗan na allura a jijiya a jira a ga ko jiki zai karɓa. Ya ce wannan ba kariya ba ce, domin ɗan kaɗan ɗin ma ya isa ya tayar da cikakken bore. Shawarar da ya bayar ita ce a ba da antibiyotik tun maras lafiya yana farke, 'yan mintuna kafin allurar barci, domin idan wani abu ya taso a san daga inda ya fito.

Magani ɗaya ne

Duk da wannan sarƙaƙiya, maganin anafilaksis ba shi da tsada, kuma an san shi fiye da shekara ɗari. Adirenalin ne. Yana matse jijiyoyin da suka saki, ya buɗe hanyoyin iska, ya ƙarfafa bugun zuciya, ya kuma dakatar da ƙwayoyin da ke zubo histamin. Ga babban mutum a wajen ɗakin tiyata, ƙa'idar ita ce rabin miligiram a tsokar cinya, a maimaita bayan minti biyar idan ba a ga sauƙi ba. A ɗakin tiyata likitan sa barci kan ba da shi ta jijiya, a ƙananan awo, tare da ƙarin ruwa mai yawa. Ba a kuma tayar da maras lafiya tsaye ko a zaunar da shi farat ɗaya, domin Pumphrey ya nuna a wani binciken na 2003 cewa wasu sun mutu ne daidai lokacin da aka ɗaga su, jinin da ya rage ya kasa komawa zuciya.

Matsalar ita ce jinkiri. A binciken Pumphrey na 2000, kashi 14 cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka mutu aka yi wa adirenalin kafin numfashi ko zuciya ta tsaya. Ma'aikatan lafiya da dama na tsoronsa, suna ganin maganin ƙarshe ne, sai hannunsu ya fara kaiwa ga haidirokotizon da Piriton. Waɗannan biyun ba sa ɗaga bugun jinin da ya faɗi, ba sa buɗe maƙogwaron da ya toshe cikin mintunan da ake da su. A 2021 majalisar da ke tsara ƙa'idojin ceton rai a Birtaniya ta cire su daga matakin farko na maganin anafilaksis.

Daga Kaltungo zuwa kemis

Akwai wani wuri a arewacin Nijeriya da aka yi irin wannan ƙidaya, kuma ya nuna amfaninta. A asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe, inda manoma da makiyayan da kububuwa ta sara ke tururuwa musamman lokacin damina da girbi, an gwada magungunan dafin maciji guda biyu a kan mutum 400, aka wallafa sakamakon a 2010. Da yake daga jinin doki ko tumaki ake haɗa irin wannan magani, jikin ɗan Adam kan yi masa bore fiye da yawancin magunguna. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ya nuna alamun bore da wanda aka haɗa a Kosta Rika, kimanin ɗaya cikin biyar kuma da wanda aka haɗa a Birtaniya. Wannan bai sa an daina amfani da su ba, domin dafin kububuwa ya fi su haɗari nesa ba kusa ba. Abin da alƙaluman suka yi shi ne sun sanar da ma'aikaci abin da zai sa ran gani, domin ya zuƙi adirenalin ya ajiye kusa kafin ya fara.

Wani binciken da aka yi a Siri Lanka kan mutum fiye da 1,000, wanda ya fito a 2011, ya ƙarfafa wannan. Ba da ɗan ƙaramin awo na adirenalin kafin maganin dafi ya rage mummunan bore da kashi 43 cikin ɗari a sa'a ta farko, alhali haidirokotizon bai tsinana komai ba.

A ɗakunan tiyata kuwa, babban giɓin shi ne na ma'aikata. Tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likita biyar a kowane mutum 100,000. A ƙidayar da ta fitar a 2017, Nijeriya ba ta kai ko ɗaya ba, Nijar kuma ta fi ta ƙaranci. A manyan asibitoci da dama na ƙananan hukumomi, ma'aikatan jinya da suka samu horon sa barci ne ke riƙe da aikin, galibi mutum guda a kan maras lafiya. Ba ƙwarewarsu ake tababa a kai ba. Anafilaksis aiki ne na hannaye da yawa a lokaci guda: mai kula da numfashi, mai zuƙo magani, mai matsa ƙarin ruwa, mai danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Wani binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2018, wanda ya shafi mutum fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa duk da marasa lafiyar sun fi na sauran duniya ƙuruciya, yiwuwar mutuwarsu bayan tiyata ta ninka sau biyu, kuma masu binciken sun danganta hakan da rashin gano matsala da wuri a kuma magance ta.

Sai dai mafi yawan allurar da ake yi a Kano ko Maraɗi ba a ɗakin tiyata ake yin ta ba. A kemis ake yi, ko a gida, ta hannun wani maƙwabci ma'aikacin lafiya da aka kira bayan Magariba. Jama'a da dama na ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har wasu kan ji ba a duba su da kyau ba idan ba a yi masu ita ba. Lasisin da galibin masu kemis ke riƙe da shi a Nijeriya na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba su izinin yin allurar antibiyotik ba. Amma seftiriyakzon, wanda aka fi sani da Rocephin, ya zama abin da ake ɗirka wa kusan duk mai zazzaɓin da aka ce taifot ne.

Iran, wadda ta ƙidaya, ta gano cewa tsakanin 1998 da 2009 wannan magani ne kan gaba wajen mace-macen da aka kai wa cibiyarta ta sa ido kan illar magunguna, da mutum 49, kuma da yawa daga cikinsu ba su ma buƙaci maganin ba tun farko. A Masar, mutuwar wasu yara mata biyu 'yan gida ɗaya a birnin Iskandariyya a watan Oktoban 2022, bayan allurar antibiyotik a kantin magani, ta kai ga kotu, ta kuma tayar da muhawara kan wanda ya cancanci yin allura. Seftiriyakzon magani ne mai kyau da ke ceton rayuka daga sanƙarau da ciwon huhu. Haɗarin na wurin yin sa ne a inda babu adirenalin, babu iskar oksijin, kuma asibiti mafi kusa ya wuce tafiyar minti biyar.

Mutuwar da ba a rubutawa

Nijeriya na da tsarin kai rahoto. Ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illar magunguna a 2004, lokacin da Dora Akunyili ke jagorantar hukumar NAFDAC. Akwai takarda mai launin rawaya da ma'aikatan lafiya za su cike, kuma a 2020 an ƙaddamar da manhajar wayar salula ta Med Safety domin kowa ya iya aika rahoto.

Amma tsari ba ya aiki idan mai cike takardar na ganin kansa zai jefa cikin rigima. Idan mutum ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa domin aikin ƙaba ko na haihuwa aka fito da gawarsa, abu biyu kan faru. Ko dai dangi su ce kwana ne ya ƙare, su ɗauki mamacinsu a yi masa sutura kafin rana ta faɗi, ko kuma su ce an yi masa allurar da ta wuce kima, maganar ta bazu a gari da shafukan sada zumunta. A hali na farko babu wanda zai tambaya. A na biyu babu ma'aikacin da zai so ya rubuta komai. Likitocin Birtaniya sun kawo rahotanni 266 ne saboda an raba neman sani da neman mai laifi.

Yarda da ƙaddara ba ta hana sanin sababi, kuma sanin sababin a nan ba ya buƙatar a yanka gawa, abin da iyalai Musulmi da dama ba sa amincewa da shi. Ƙwayoyin da ke tayar da bore na zubo wani sinadari mai suna tiriftes, wanda ke ƙaruwa a jini na 'yan sa'o'i. Ɗan jinin da aka ɗiba a sirinji a lokacin, ko jim kaɗan bayan rasuwa, na iya taimakawa wajen bambanta anafilaksis da wani dalilin. Ba kowane asibiti ne ke iya wannan gwaji ba, amma ana iya adana samfurin a firji a aika shi wani wuri.

Bambancewar na da muhimmanci ta ɗaya ɓangaren ma. An daɗe ana ɗora wa anafilaksis alhakin mutuwar wasu yara da matasa masu ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, waɗanda ake yi wa allurar penisilin duk wata, har wasu ma'aikata a Afirka suka riƙa ƙin yin allurar. A 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da wata shawara da ke cewa da dama daga cikin waɗannan mace-mace sun fi kama da gazawar zuciyar da ta riga ta lalace, wadda zafin allura da faɗuwar bugun jini suka kayar. Ta ba da shawarar masu tsananin ciwon su koma shan ƙwaya, sauran kuma su ci gaba da allurarsu.

Ga wanda ya tsira kuwa, aikin bai ƙare ba sai an gano maganin da ya jawo, ta hanyar gwajin fata bayan makonni huɗu zuwa shida. Ko a Birtaniya, NAP6 ya tarar da cewa sai mutum ya jira kimanin kwana 100 kafin a gan shi a asibitin ƙwararru. Inda babu irin wannan asibiti, mafi ƙarancin abin da za a iya yi shi ne a sallami mutum da takarda ɗauke da sunan duk maganin da ya shiga jikinsa a ranar, da lokacin da aka ba shi, da abin da aka wanke fatarsa da shi. Katin asibiti kan ɓata, fayil kan tsaya a asibitin da aka buɗe shi, kuma matar da aka yi wa tiyatar haihuwa a Gusau bana na iya buƙatar wata a Zariya bayan shekara biyu, a gaban ma'aikacin da bai taɓa ganinta ba, da dare.